Jiki Magayi da Mas'alar Wanda Ya Ƙera Dodo

Yana daga cikin abubuwan mamaki a halin ɗan Adam cewa shi da Allah Ya sanya wa tsoro a zuciya domin ya zame masa garkuwa daga halaka, shi ne kuma idan dare ya yi, ciki ya ɗauka, yakan matsa kusa da mai ba da labari ya roƙi a faɗa masa abin da zai tayar masa da tsikar jiki, har ya kasa fita tsakar gida shi kaɗai. Babu al'ummar da ta kuɓuta daga wannan hali, da Larabawa da Turawa da mu Hausawa duk ɗaya ne. Sai dai idan mai nazari ya duba tulin labaran ban tsoro da aka ƙaga a duniya, zai tarar galibinsu sun mutu tare da zamaninsu, 'yan kaɗan ne suka rayu, kaka ya karanta jika ya karanta, ana juya su zuwa wasan kwaikwayo da majigi, har sunayen mutanen cikinsu suka shiga bakin waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba. Mas'alar da ke gabanmu ita ce sanin dalilin da ya raya waɗannan ya binne waɗancan, da kuma sanin ko a cikin littattafanmu na Hausa akwai wanda ya cancanci a jera shi a wannan sahu. A ganina akwai, shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, kuma abin da ya raya shi shi ne abin da ya raya Frankenstein a ƙasashen Turai, wato a cikin su biyun mutum ne ya ƙera dodo da hannunsa, sa'an nan dodon ya juyo ya cinye gidan da ya fito.

Kafin mu iso Zariya, inda Jiki Magayi ya fito, ya kamata mu san asalin wannan reshe na adabi a wurin ma'abotansa. Mutanen Ingila suna kiransa Gotik, suna jingina shi ga salon tsofaffin majami'u da gidajen sarauta na dutse da kakanninsu suka bari, masu dogayen soraye da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, kuma malamansu sun haɗu a kan cewa Horace Walpole ne ya buɗe ƙofarsa a 1764 da littafinsa The Castle of Otranto. Labarin wani basarake ne mai suna Manfred, wanda kakansa ya ci sarauta da zalunci, ga shi kuma da ɗa namiji ɗaya tilo. Ranar ɗaurin auren ɗan sai wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe shi, uban kuwa, saboda tsananin kwaɗayin magaji, ya ƙudura ya saki matarsa ya auri amaryar ɗansa ko tana so ko ba ta so. A cikin wannan ɗan littafi aka kafa rukunan da duk waɗanda suka biyo baya suka yi gini a kai: tsohon laifi da aka binne bai ruɓe ba, budurwa da ake tilasta wa, gado da ake jayayya a kansa, da kuma wani hannu daga gaibu da ke zuwa karɓar bashin da mutane suka manta.

Abin da mai karatu na ƙasarmu zai so ya sani shi ne cewa wani sashe na wannan gini da tubalin Gabas aka yi shi. Tun daga 1704 Antoine Galland ya fara fitar da fassarar Alfu Laila wa Laila cikin Faransanci, Turai ta cika da zancen aljanu da ifiritai da zobban sihiri, har a 1786 aka buga Vathek na William Beckford, wanda ya ari sunan Halifa Alwasiƙu na daular Abbasiyya, jikan Haruna Rashid, ya ɗora masa labarin ƙarya na sarkin da ya sayar da imaninsa domin neman taskokin ƙarƙashin ƙasa, ya ƙare a fadar Iblis zuciyarsa tana ci da wuta. Halifan tarihi ba shi da hannu a wannan ƙage, amma littafin hujja ne a kan cewa tsoron Turawa da namu sun taɓa shan ruwa a rijiya ɗaya, domin wannan Dare Dubu da Ɗaya shi ne aka fitar cikin Hausa a 1924, kuma tun kafin nan malamanmu sun san shi da Larabci.

Amma sarkin wannan fanni, wato Frankenstein, bai zo ba sai a farkon 1818, watanni kaɗan bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da naɗin ɗansa Muhammadu Bello a Sakkwato. Sanadinsa kuwa shi ne, a 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indunusiya, tokarsa ta rufe sararin samaniya, har a shekara mai zuwa lokacin zafin Turawa ya zo musu da sanyi da ruwa da duhu; wasu matasa 'yan Ingila da suka je shan iska a bakin tafkin Janeba, cikinsu har da mawaƙi Byron da Percy Shelley, suka rasa fita, sai suka yi alkawari kowa ya ƙago labarin fatalwa. Wadda ta fi cika alkawarin ita ce Mary, wadda aka fi sani da Mary Shelley, yarinya 'yar shekara 18. Ta ba da labarin Victor Frankenstein, ɗalibin ilmin halitta a Ingolstadt ta ƙasar Jamus, wanda son sani ya ɗebe shi har ya tattaro sassan gawa daga makabarta da mayanka, ya harhaɗa siffar mutum mai tsawon ƙafa takwas, ya sa ta motsi. Da abin ya buɗe ido, sai maƙerin ya ga muninsa, ya ruga ya bar shi, bai ba shi suna ba, bai ba shi abinci ba, bai koya masa ko kalma ɗaya ba.

A tsakiyar littafin akwai wurin da ya kamata a tsaya. Wannan halitta, bayan an kore shi da jifa daga ƙauye, ya ɓuya a wata 'yar rumfa da ke manne da bukkar wasu matalauta, wani tsoho makaho da ɗansa da 'yarsa, ya sami 'yar kafa a jikin katako yana leƙensu dare da rana. Da ya gane yunwa ke damunsu sai ya daina taɓa abincinsu, ya koma cin saiwoyi da 'ya'yan itace, kuma idan sun yi barci ya shiga daji ya saro musu itacen wuta ya jibge a ƙofa, da safe su fito su yi ta mamakin wane bawan Allah ne wannan. Ta wannan kafa ya koyi magana da karatu, yana sauraron darasin da saurayin gidan ke ba wata baƙuwa, Safie, 'yar wani attajiri Baturke. Bayan watanni ya yi ta maza, ya jira har tsohon ya saura shi kaɗai, ya shiga ya gaishe shi, tsohon kuwa da yake ba ya gani sai ya karɓe shi da kyakkyawar magana. Ana cikin haka masu ido suka dawo, mace ta suma, saurayin ya hau shi da sanda. Daga wannan rana ya ƙone bukkar, ya nufi gidan maƙerinsa, ya kashe ƙanen maƙerin, ya jawo aka rataye baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ya kashe amininsa, ya kashe amaryarsa a daren aure. Mai karatu yana ƙin wannan ta'asa, amma ba ya iya mantawa da itacen nan da aka jibge a ƙofa, kuma wannan rashin iya mantawa shi ne asirin daɗewar littafin.

Wani zai kawo Dracula na Bram Stoker, mutumin Ailan, wanda ya fito a 1897, ya ce ai ga dodo da ya zo daga nesa, daga duwatsun Transilbaniya, ya sayi gida a Ingila yana shan jinin mutane, kuma shi ma ya daɗe. Mu da muka tashi da zancen maye mai kama kurwa ba za mu ji wannan baƙo ba, har ma za mu yi murmushi idan muka ji cewa tafarnuwa, wadda manoman fadamun Wurno da Goronyo ke lodawa a buhu zuwa kasuwannin nesa, ita ce makarinsa. Amma a duba da kyau: a ƙa'idar littafin, wannan mugu ba ya iya shiga gida karon farko sai wani na cikin gidan ya ce masa ya shigo, kuma wanda ya mutu a bakinsa yakan tashi ya zama irinsa, har ya zama dole ga masoyan wata budurwa, Lucy, su shiga kabarinta su soke ta da hannunsu. Ashe a nan ma firgicin yana cikin gida ne, a fuskar da aka sani kuma ake so.

Idan muka juyo gida, kayan aikin wannan fanni babu wanda ba mu da shi. Muna da dodo da dodanniya a tatsuniya, muna da fatalwa da maye da Doguwa, muna da tsamiya da kuka waɗanda yara ba sa bi ta ƙarƙashinsu da tsakar rana ko da almuru. Kufai kuwa, wanda ya bi gulbin Rima ya wuce Goronyo ya nufi ƙasar Sabon Birni zai isa Alƙalawa, babban birnin Gobir da aka ci a 1808, kuma a yammacin Sakkwato ga ganuwar Surame da Kanta ya gina. Sa'an nan muna da wani irin tsoro mafi girma wanda malamai suka rubuta da niyya, wato waƙoƙin wa'azi. A nan Wurno, ribaɗin da Muhammadu Bello ya kafa kuma aka binne shi a ciki a 1837, Nana Asma'u ta zauna tana tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajis, matan da take aikawa, suna ɗauka suna kai wa matan ƙauyuka, kuma a cikinsu akwai siffanta tsayuwar alƙiyama da mizani da siraɗi da azabar wuta, siffantawar da ke sa zuciya rawa. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da iyakarsa. Dodon tatsuniya na daji ne, ana gama shi da ƙurunƙus kowa ya kwanta. Tsoron wa'azi kuwa na gobe ne, an auna shi da rahama, domin malamai sun ce mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da kwaɗayi. Abin da ba a rubuta ba tukuna shi ne labarin da zai shigo da azaba cikin duniya, cikin gidan mutum mai mutunci, ta hannun ɗan da ya haifa.

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malaman boko su ƙago labarai da Hausa domin 'yan makaranta su sami abin karantawa, kuma daga wannan yunƙuri littattafai biyar suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa da ke kusa da Zariya, ya rubuta tare da East. Aljanu suna nan a Ruwan Bagaja da Ganɗoki, amma aljanu ne na ban dariya da na jaruntaka, mai karatu yana sane cewa gwarzon zai dawo gida lafiya. Shaihu Umar yana da baƙin ciki mai yawa, na bauta da rabuwar uwa da ɗa, amma marubucin ya lulluɓe shi da haƙuri da tawakkali. Jiki Magayi ne kaɗai ya ƙi ba mai karatu wannan mafaka.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Malam Shehu attajiri ne wanda Allah Ya ba dukiya bai ba shi haihuwa ba, sai mafarki ya nuna masa cewa idan ya auri wata yarinya, Zainabu, zai sami ɗa. Ita kuwa Zainabu tana da wanda suke son juna, Abubakar, wanda ba shi da abin da zai kara da attajiri. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da Malam Shehu, Abubakar ya rantse sai ya rama. Bai ɗauki wuƙa ba, bai kai ƙara ba. Ya bar gari, ya shiga duniya, ya sha wahalar daji da ta bokaye har ya samo asirin da yake nema, kuma bai nufi mijin ko matar da shi ba, ya nufi ɗan da aka haifa, wanda ake kira Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin uban da ya yi shekaru yana roƙon a ba shi shi, ya shiga uwa duniya tare da miyagun abokai, har wani dare ya shiga wani gida sata ya kashe mai gidan, bai san mahaifinsa ne ba. Da ya ji asalin al'amarin ya tashi neman Abubakar domin shi ma ya rama, amma ajali ya riga shi, aka bar shi da jinin uba a hannu, babu wanda zai huce a kansa.

Wanda ya yi karatun zaure zai ga cewa kowace gaɓa ta wannan labari tana zaune a kan mas'alar da ya sani. Laifin farko shi ne neman aure a kan neman wani, abin da hadisi ya hana, kuma malaman Malikiyya, kamar yadda ɗalibi ke tararwa a Risala ta Ibn Abi Zaid, suka bayyana cewa hanin yana tabbata ne idan an riga an karkata ga mai neman farko. Malam Shehu bai yi sata ba, bai yi zina ba, ya biya sadaki, an ɗaura aure a gaban shaidu, babu alƙalin da zai kama shi cikin sauƙi. Duk da haka ya taka haddin da aka gindaya domin kare zukatan talakawa daga ƙarfin masu hali. Laifi na biyu shi ne sihiri, wanda hadisi ya ƙidaya cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, wanda kuma Shehu Usmanu ya yi tir da masu yinsa a Nurul Albab. Abubakar ya fara a matsayin wanda aka zalunta, wanda addu'arsa ba ta da shamaki, sai ya yar da wannan makami ya ɗauki na boka, ya wayi gari ya fi wanda ya zalunce shi zalunci, domin shi ya auka wa jariri ne da bai san an yi ba. Sa'an nan ga wani ɗaci da malaman gado kaɗai za su ɗanɗana sosai: mutum ya karya zuciyar wani domin ya sami magaji, ga shi kuwa ƙa'idar fara'ili ta ce wanda ya yi kisa da gangan ba ya cin gadon wanda ya kashe.

Akwai masu inkari iri biyu da ya kamata a saurara. Na farko zai ce wannan ai labarin ramuwar gayya ne, ina fatalwa, ina kufai, ina ihun dare? Amsarsa ita ce rukunan nan huɗu da muka ambata duk sun cika: ga tsohon laifi da bai ruɓe ba, ga budurwa da aka juya, ga kwaɗayin magaji irin na Manfred, ga hannun gaibu a siffar asiri, abin da dogon soro na dutse yake yi a labarin Bature, dajin da Abubakar ya ratsa shi yake yi a nan. Na biyu zai ce ai da hannun Bature a ciki, la'alla East ne ya kawo wannan ƙarshe mai duhu daga karatunsa na Turai, inda tun zamanin Yunanawa ake ba da labarin ɗan da ya kashe ubansa bai sani ba. Wannan zance yana da ƙamshin gaskiya, tun da sunan East yana bisa bangon littafin. Amma sammu da mafarki da kunyar uba a idon gari da zafin rashin haihuwa ba kaya ne da aka sauke daga jirgi ba, kuma da ƙarshen bai dace da abin da Bahaushe ya riga ya yarda da shi game da alhaki ba, da littafin bai yi shekaru kusan 90 ana karanta shi a makarantu ba.

Bambancin da ke tsakanin littattafan biyu shi ma abin lura ne. Frankenstein ya yi shisshigi ne a kan abin da yake na Mahalicci, ya nemi ya busa rai, don haka gargaɗin Mary Shelley ya fi karkata ga masu ilmi da abin da hannuwansu ke ƙerawa, shi ya sa har yau duk lokacin da aka yi gardama a kan sarrafa ƙwayoyin halitta ko na'urori masu kwaikwayon hankalin mutum sai an ambaci sunansa. Abubakar kuwa bai halicci kowa ba, ya lalata wanda aka riga aka halitta ne, don haka gargaɗin Tafida ya fi karkata ga zamantakewa, ga aure da dukiya da tarbiyya. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsu ɗaya ce, kuma ita ce tsohuwar mas'alar malaman tauhidi game da ƙaddara da aikin bawa: idan wani ne ya juya zuciyar mutum zuwa sharri, nawa ne rabonsa na zunubi, nawa ne na wanda ya juya shi?

Gadon da littafin ya bari a bayyane yake, ko da ba za a ce kowane marubuci daga gare shi ya ɗauko ba. Da adabin kasuwar Kano ya ɓullo a shekarun 1980, wannan kusurwa uku ta yarinya da saurayi matalauci da mai kuɗi ita ce ta zama ginshiƙinsa, kamar yadda ake gani a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Balaraba Ramat Yakubu kuwa, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta ɗauki ɗaya rabin, ta nuna magidancin da ya wulaƙanta uwargida da 'ya'yanta, bala'i ya bi shi har kasuwa, ba tare da an buƙaci aljani ko ɗaya ba. Finafinan bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 suka cika da boka a cikin kogo da jan ƙyalle da ƙwarya mai hayaƙi, a Kudu kuma Living in Bondage na 1992 ya kafa kasuwa gaba ɗaya a kan mutumin da ya ba da matarsa domin kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Sai dai a nan aka yi irin hasarar da aka yi wa Frankenstein. A fim ɗin 1931 da Boris Karloff ya fito, an cire wa halittar nan harshe, ya zama ƙato mai gurnani, alhali a littafi mai fasaha ne wanda ya tsayar da maƙerinsa ya kafa masa hujja. Haka mu ma galibi muka riƙe boka da jan ƙyalle, waɗanda ke sayuwa, muka saki tambayar da ta sa labarin ya yi nauyi.

Wannan saki yana da illa a rayuwa ta zahiri. A Dinawa ko Rabah ko kowane gari namu an san yadda abin ke gudana idan yaro ya fara ɗauke-ɗauke: uwa ta ɗaura mayafi da sassafe, ta ƙulle 'yan kuɗi a bakin zane, ta nufi zauren malam ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan ba haka yake ba, hannu aka sa masa." A wanke allo a ba shi rubutu ya sha, a yi hayaƙi, sa'an nan a fara raɗe-raɗin kishiya ko wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a bayan gari, wadda sau da yawa ba ta da laifin da ya wuce talauci da rashin mai tsaya mata. Neman tsari da ayoyin Allah abu ne da Sunna ta tabbatar, babu mai ja da shi; abin da ake ja da shi shi ne a mai da sammu mayafin da za a rufe sakacin uba da shi, da sakin aure barkatai, da yaron da aka tura birni da ƙoƙo ba a sake tambayar inda ya kwana ba. Wanda ya karanta Jiki Magayi ya fito da cewa asiri gaskiya ne kawai, ya karanta rabi; cikon shi ne asirin bai sami ƙofa ba sai da zaluncin mai gida ya buɗe ta.

Mutanen gabashin Sakkwato a yau ba su buƙatar littafi ya koya musu firgici. Wanda ya ji labarin harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ko ya ga ƙauyukan da suka zama kufai a ƙasar Rabah alhali masu su suna da rai, ya san tsoron da ya wuce na Dracula. Abin da littafi zai iya yi shi ne ya tilasta mana tambayar da tsoro ke hana mu yi, wato daga wane gida waɗannan samari suka fito, wane ne ya sayar musu da bindiga, wane ne ya ci haƙƙin iyayensu a kotu ko a burtali ko a gona, wane ne ke kai musu labari da man fetur daga cikin gari. Yin wannan tambaya ba wanke mai kisa ba ne, kuma fiƙihunmu ya riga ya raba wannan gardama tun da daɗewa, inda ya bambanta mubashir, wanda ya aikata da hannunsa, da mutasabbib, wanda ya zama sanadi, har Malikiyya suka tafi a kan cewa idan wani ya tilasta wa wani ya yi kisa, ƙisasi yana hawa kan su biyun. Kyauta ba ya kuɓuta domin an yi masa asiri, Abubakar ba ya kuɓuta domin ba shi ya riƙe makami ba, Malam Shehu ba ya kuɓuta domin shi aka kashe. Marubucin da zai ba da labarin wannan zamani namu, ko a takarda ko a fim, idan ya tsaya ga siffanta muguntar 'yan daji kaɗai zai firgita mutane na shekara ɗaya ko biyu a manta da shi. Idan kuwa ya bi sawun alhakin har ya shigo da shi cikin gari, ya zaunar da mubashir da mutasabbib a gaban mai karatu kowa da rabonsa, to, shi ne zai gaji Tafida, kuma jikokinmu za su nemi littafinsa.